Yaron Da Ya Sa Na Ajiye Dorina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuta ta. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi garin da nake aiki ba. Yaran da zan ambata kuwa amana ce a hannuna, ba ni da hurumin tona su.

Ni ma'aikaci ne a gidan ajiye yara na gwamnatin jiha, wanda mutanen gari ke kira gidan kangararru, wasu kuma su ce gidan yarin yara. Na haura shekara goma sha biyar a wurin. Sai dai labarina ya samo asali ne tun daga zauren gidanmu, tun ban san akwai irin wannan aiki a duniya ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da ƙanena, shekara uku ce tsakaninmu. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba. A makarantar allo ya riga ni wuce izu goma, a boko kuma shi ke yi mini lissafi alhali ina gabansa da aji biyu. Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, sai yaro ya fara raɓar 'yan tasha. Daga kwana a waje sai warin sholisho a rigarsa, daga nan sai kwanukan Inna suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya ɗauke rediyon maƙwabcinmu, Kawu ya ce magana ta ƙare, gidan mari za a kai shi.

Ni aka sa na riƙe masa hannuwa lokacin da ake buga masa marin. Ina da shekara goma sha bakwai, ina jin kaina babba, an ba ni aikin maza. Bai yi kokawa ba. Ya dai juyo da kai ya dube ni, ya ce, "Yaya, har da kai?" Na kawar da fuska.

Wata takwas ya yi. Ya dawo ya yi laushi, ba ya magana sai an tambaye shi, ga baƙin tabo ya zagaye idon sawunsa kamar an zana da gawayi. Kowa a unguwa na cewa alhamdu lillahi, yaro ya shiryu. Ba a rufa shekara ba ya bi motar shanu zuwa Legas, kuma daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Inna ta rasu tana tambayar ko an ji labarinsa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne darasin da na ɗauka daga wannan: na ƙudurce a raina cewa an yi saurin cire masa mari ne, da ya ƙara wata shida da ya gyaru. Da wannan tunanin na girma, da shi kuma na shiga aiki.

Ba don tausayin yara na nemi aikin ba, kada in yi muku ƙarya. Na gama difloma, na yi shekara biyu ina zaman kashe wando, sai aka ce ana ɗaukar ma'aikata a ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a. Da takardar kama aiki ta fito, na ga inda aka tura ni, abokaina suka yi ta mini dariya wai na zama gandiroba. Alhali mu ba gandirobobi ba ne. Mutane da yawa ba su san bambancin ba. Akwai gidajen Bostal na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fi sani su ne na Kaduna da Ilori da Abekuta, an tanade su ne don samari 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma suna hannun hukumar gidajen yari, wadda aka sauya wa suna a 2019 ta koma ta gyaran hali. Sunan Bostal ɗin ma daga wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara irin wannan tsari. Namu kuwa na jiha ne, wurin ajiye yaro ne na ɗan lokaci kafin kotu ta yanke abin da za a yi da shi. Ba mu da kaki, ba mu da bindiga. Amma makulli yana hannunmu, kuma a wurin yaron da aka rufe, duk mai riƙe da makulli sunansa ɗaya.

Ranar da na fara, wani dattijo da ya kusa ritaya ya ja ni gefe. Ya buɗe durowa ya ɗauko dorina ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan nan, ranar da yaran nan suka ga haƙorinka, ranar ka rasa su." Na karɓa da hannu biyu. Maganarsa ta zo daidai da abin da ke raina.

Aikin kansa ba shi da wani sirri. Da asuba a buɗe ɗakuna a ƙirga, a yi salla, a sha koko, a yi shara. Da hantsi a shiga aji idan malami ya zo. Akwai ɗakin koyon sana'a mai kekunan ɗinki da kayan kafinta, amma sau da yawa ba zare, ba katako. Da yamma a sake ƙirgawa, bayan lisha a sake ƙirgawa a rufe. Ƙirga ita ce ibadar ma'aikacin wurin nan. In lissafi ya cika, ka yi aiki. Ba wanda zai tambaye ka ko wane ya yi dariya yau, ko wane ya ƙi cin abinci kwana biyu. Warin ɗakunan kuwa, na bokitin fitsari da gumi da tsohuwar katifa, yana bin mutum har gida. Ƙazuwa ba ta barin wurin, kuɗin cizo ma haka.

Su wa ake kawo mana? Akwai masu ƙwacen waya, akwai 'yan daba da suka sari mutum da gaske, ban ɓoye wannan ba. Na ga yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya yi abin da ko babba zai ji tsoron faɗa. Amma akwai wanda ya saci kaza. Akwai wanda mahaifinsa ya kai shi gaban alƙali da kansa ya ce ya fi ƙarfinsa. Akwai almajirin da aka kwaso a samame yana barci a rumfar kasuwa. Akwai wanda ya ɓata kawai, ba a san inda za a kai shi ba. Duk a ɗaki ɗaya. Maganar shekaru kuma sai dai a yi shiru, don mafi yawansu ba su da takardar haihuwa. Sai ka ga ƙato da gemu ya rantse shekararsa goma sha shida don kada a kai shi babban gidan yari, ka kuma ji labarin ɗan ƙaramin da aka rubuta wa goma sha takwas a caji ofis aka wuce da shi can. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ta kuma ce tsare shi ya zama matakin ƙarshe bayan an rasa wata hanya. A takarda ke nan. A iya zamana dai ban taɓa ganin ɗan mai hali ya cika mako a wurinmu ba. Ba wai 'ya'yansu ba sa laifi ba ne, suna da wanda zai zo.

Na yi suna a wurin. In na shigo tsakar gida, ko tari ba a yi. Shugabanni suna yabona, in ɗaki ya gagara ni ake kira. Lokacin da shaye-shaye ya yi ƙamari, kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 da ma bayan hanawar, mukan karɓi yaran da jikinsu ya saba da kodin ko tiramol. Kwana ukun farko sai ka ga yaro yana karkarwa, yana gumi, yana amai, yana buga kai da bango. Ban san ciwo ba ne a lokacin. Iskanci na ɗauke shi, da dorina nake maganinsa. Allah ya yafe mini.

Matata ce ta fara ganin abin da aikin ya mayar da ni. Cikin dare nakan tashi in haska 'ya'yana da tocila ina ƙirga su, su huɗu kacal. In ta rufe ƙofa sai na je na girgiza kwaɗon. Wata rana babban ɗana ya yar da canjin da aka aike shi da shi, kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na sa shi ya yi kamun kunne, na zane shi har sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Da daddare uwarsa ta ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, nan fa ba wurin aikinka ba ne." Na yi kwana biyu ban ci abincinta ba, don na san gaskiya ta faɗa.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, aka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Na ga hotunan a waya. Kowa fuskokin yake kallo, ni kuwa idona na kan ƙafafun. Na ga baƙin zoben nan a idon sawu, irin na ƙanena sak. Daren ranar ban runtsa ba. Amma da gari ya waye na lallashi kaina, na ce mu ai na gwamnati ne, ba ma ɗaure kowa da ƙarfe, kotu ce ke kawo mana. Na ɗauki dorinata na ci gaba. Sai kullen korona na 2020 ya zo, aka hana ziyara, kotuna suka tsaya, masu kawo mana sadakar abinci ranar Juma'a suka ɗauke ƙafa. Gida ya cika, rai ya ɓaci, hannuna ya ƙara nauyi.

Cikin hunturun ƙarshen shekarar aka kawo yaron. Ɗan siriri ne, ba zai wuce goma sha biyu ko sha uku ba, almajiri daga wani ƙauye mai nisa. An kama shi ne da wasu manya biyu kan satar rodi a wani kango, sun sayar wa 'yan jari bola. Shi aikinsa ɗauko ƙarfen ne a ka. Da yake an haɗa tuhumarsa da ta manya, sai maganarsa ta maƙale, kullum ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Manyan sun samu beli sun tafi. Shi ba wanda ya zo.

Yana fitsarin kwance. Kowace safiya 'yan ɗakin su kawo ƙara, kowace safiya in yi masa bulala biyar, in sa shi ya wanke bargo da tabarma a bakin famfo, cikin sanyin nan mai fasa leɓe, da gajeren wando kawai. A ganina lalaci ne, ƙyuyar tashi ce. Tun yana kuka har ya daina. In ya hango ni sai ya miƙo hannuwa da kansa, ya sunkuyar da kai, kamar mai biyan haraji.

Wata safiya na gama dukansa na juya, sai na ji faɗuwar bokiti. Yana kwance cikin ruwan wanki, jikinsa kamar garwashi, numfashi na fita da ƙyar. Motar gidan ba mai. Na tare adaidaita sahu na rungume shi muka tafi asibiti. A hanya na ji yadda ba shi da nauyi, kamar na ɗauki damin kara.

Nimoniya ce, in ji likita. Wata nas, babbar mace, ta ɗaga rigar da na yafa masa za ta goge masa jiki. Ta ga bayansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, kai ne babansa?" Na ce a'a, ni ne mai kula da shi. Ta ce, "Kula?" Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da aikinta. An sha zagina a rayuwa, yara sun zagi uwata sun zagi ubana, ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar kalmar nan guda.

Doka ta ce sai ma'aikaci ya zauna da shi, don haka ni na yi jinyarsa. A dare na uku zazzaɓin ya sauka, ya sha shayi, sai na tambaye shi, a karo na farko ba da tsawa ba, me ya sa ba ya tashi ya yi fitsari a bokiti kamar kowa. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya koma. Can ya ce bokitin yana kusurwar da manyan ɗakin ke kwana. Akwai abin da suke yi wa ƙananan da suka taso cikin dare, wanda ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗaya ya tashi, a makonsa na farko. Tun daga nan ya gwammace ya matse har barci ya kwashe shi, da safe ya karɓi bulalata. Bulalar ta fi masa sauƙi.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Oga, na ɗauka ka sani."

Na fita baranda na zauna a ƙasa. Ni ne na naɗa babban cikinsu shugaban ɗaki, saboda yana sa a yi shiru, yana sa lissafina ya cika. Shekara da shekaru ina rufe ƙofa in tafi ofis in shimfiɗa tabarma, ina alfahari ba a jin motsi a dutina. Ashe shirun nan da nake taƙama da shi, abin da ke cikinsa ke nan. A daren nan muryar ƙanena ta dawo mini, ba a mafarki ba, ido biyu. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Inna.

Da na koma na rubuta rahoto. Ba a so ba. An ce in bar maganar a cikin gida kada 'yan jarida su ji, a zubar da mutuncin kowa. Ni ma ban da ƙarfin halin da zan kai ta waje, wannan ma yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kai. Abin da na iya shi ne na nace har aka kwashe tarkacen wani sito, muka share, muka mayar da ƙananan can. Biyu daga cikin manyan aka koma da su kotu, aka sauya musu wuri. Na daina kwana a ofis, na dawo da bencina bakin taga inda zan ji numfashinsu.

Dorinar kuwa, zan so in ce na jefa ta a murhu a ranar, amma ba haka aka yi ba. Durowa na mayar da ita. Sau biyu na sake ɗauko ta, sau ɗaya na yi amfani da ita, a kan wani da ya fasa wa ɗan'uwansa kai da kwano. Hannun da ya saba ba ya mantawa a dare ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya, makonnin farko gidan ya rikice. Yara suna da wayo, sun gane Oga ya canja, suka fara gwada ni. Ban san wata hanya ba, ba wanda ya taɓa koya mini. Sai lalube: in zaunar da yaro, in hana shi ƙwallo, in ba shi aiki, in tambaye shi abin da ya faru kafin in yanke hukunci. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi.

Ana cikin haka yara biyu suka haura katanga a dutina. Na bar su ne su sha iska bayan magariba, abin da da ba zan taɓa yi ba. An kamo ɗaya a tasha, ɗayan ya tafi ke nan. Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ni. Abokan aiki suka samu abin faɗa, wai ga amfanin lallaɓa nan. Ban ga laifinsu ba sosai. Mutum biyu ne ke gadin gida cike da yara cikin dare, ga albashi ba ya kai wa tsakiyar wata, dole mutum ya kama abin da ya fi sauri. Lokacin nan ya yi mini tsanani. Bashi ya taru, mai shago ya fara kawar da kai in ya hango ni, hawan jini ya kama ni, likita ya ce in ban rage tunani ba zan faɗi. Na rubuta takardar barin aiki na sa a aljihu, na yi sati uku ina yawo da ita.

Zaman gidan ne ya ba ni damar bin maganar yaron. A nan na ga wani ɓangaren aikin da ban taɓa leƙawa ba. Na je kotu aka ce fayil yana wurin 'yan sanda, na je can aka ce an tura ma'aikata, na je ma'aikata aka ce bai iso ba. Ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki. Da ƙyar wata lauya mai aikin sa kai ta tono shi a ƙasan wasu takardu. Muna murna, sai ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki a watan Afrilun 2021, kotunan ƙasar nan suka kasance a rufe sama da wata biyu. Yaro yana ciki yana ƙirga kwana.

Lauyar ta ce ko an buɗe kotu, alƙali ba zai saki ƙaramin yaro ga iska ba, sai wani nasa ya tsaya. Malaminsu na allo ya riga ya tashi da sauran almajirai. Sunan ƙauyen kawai muke da shi. Na ari kuɗin mota, na yi tafiyar yini guda, ƙarshenta a kan babur cikin yashi.

Na samu mahaifin a ƙofar gida yana gyaran garma. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Yallaɓai, ni karatu na tura shi. Wanda ya kwana gidan yari ba zai shigo mini cikin ƙannensa ba." Na ce, "Baba, ba gidan yari ba ne, kuma ba a ma same shi da laifi ba tukuna." Na kawo masa maganar hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce in ya ruɓe likita ma yankewa yake. Na so in ji haushinsa, amma ina kallonsa ina ganin Kawu, ina ganin kaina ina ɗan shekara goma sha bakwai. Ba mugunta ce ke damunsa ba, kunyar gari ce.

Na tashi zan hau babur, sai wata yarinya ta biyo ni da gudu ta miƙo mini ƙullin leda. Ƙuli-ƙuli ne da tsofaffin takardun kuɗi a nannaɗe, sun yi laushi saboda daɗewa a bakin zane. Ta ce Innarta ta ce a kai wa Yaya, ta kuma ce in bi ta ƙauyen gaba in nemi ƙanenta. Ban ga fuskar matar ba. Ƙafafunta kawai na hango ta ƙarƙashin zana, a tsaye.

Kawun yaron nan ne ya zo. Talaka ne liƙis, sai da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota. Ranar da aka kira shari'ar, mai ƙara bai zo ba, ashe bai taɓa zuwa ba tun farko. Alƙali ya duba takardu, ya dubi yaron, ya kori ƙarar. Ba a yi minti goma ba. Yaro ya kusa cinye shekara a rufe, ya kusa rasa ransa a hannuna, kan ƙarfen da mai shi ma ya manta da shi. Da muka fito na ce masa ya yafe mini. Ya yi ta kallon ƙasa yana murza yatsun ƙafa, ya ce, "Ba komai, Oga." Har yau ban san ko ya yafe ɗin ba ne, ko kuwa amsar da ya saba ba manya ce.

Na yayyaga takardar barin aikin. Da aka mayar da ni na roƙi a ba ni ɓangaren neman iyaye da bin fayil, aikin da ba mai so don ba a ba da kuɗin mota. Ɗana ma na nemi gafararsa, ya tsaya yana kallona kamar na yi masa wani yare. Ya ɗauki lokaci kafin ya daina miƙewa ya bar ɗaki in na shigo.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya gyaru. Yaron nan na haɗa shi da wani tela, ya yi 'yan watanni ya gudu, ya dawo, ya sake gudu. Yanzu kwandasta ne, yakan kira ni jefi-jefi, wani lokacin gaisuwa, wani lokacin neman na kati. Akwai wanda na sha wahala na fitar, bayan wata huɗu aka dawo da shi da laifin da ya fi na farko. Akwai wanda aka kashe a faɗan daba, a Facebook na ga gawarsa. Akwai kuma wanda ya rubuta jarrabawar NECO bayan ya fita, ya zo har bakin ƙofa ya nuna mini sakamakonsa. Gidan yana nan da warinsa da ƙazuwarsa, kuma ba dukkan abokan aikina ne suka ajiye tasu dorinar ba. Ni tawa tana cikin durowa, ban jefar ba, don in riƙa ganinta.

A farkon Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran nan da aka kama a zanga-zangar watan Agusta gaban kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, ƙasa ta ɗauka, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. Na yi musu murna har zuciya. Amma ina kallon bidiyon a ofis, ta taga kuma ina hango namu a zaune gindin bango suna sosa jiki, su ba kyamarar da ta taɓa haska su.

Har yanzu in na shiga tasha, musamman inda ake lodin shanu zuwa kudu, idona kan sauka a ƙafafun mutane. In yana raye, ƙanena ya yi furfura yanzu, ƙila ko mun haɗu ba zan gane fuskarsa ba. Tabon ne nake jin ba zai ɓace ba.

Ina da wani tsohon littafi da nake rubuta duk abin da yaro ya iya tunawa game da gida: sunan gari, ranar da kasuwarsu ke ci, sana'ar mahaifi, ko da laƙabin mai shayin unguwarsu ne. Makon jiya aka kawo wani, bai fi shekara goma sha ɗaya ba. Bai san lambar kowa ba, bai san sunan ƙaramar hukumarsu ba. Ya dai ce akwai babbar kuka a bakin kasuwarsu, mahauta na zama a gindinta, kuma ranar Asabar take ci. Na tambayi direbobi a tasha, sun ba ni sunan garuruwa uku. Na zuba wa babur mai, jibi zan fara da mafi kusa.